Wayar da Inna Kulu Ta Mayar

Inna Kulu ta Horo Birni ba ta taɓa kiran sunan Abdulaziz ba tun ranar da aka raɗa masa shi. Ɗanta ne na fari, ita kuwa irin matan nan ce da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu bibbiyu. In zancensa ya taso sai ta ce "na Bodinga", don can yake zaune da iyalinsa. In ya zo gaishe ta sai ta karkata gefe, ta amsa tana kallon turmi. In kuma tana da magana da shi, sai ta faɗa wa duk wanda ke kusa, shi ya tsinta da kunnensa. Haka suka rayu, kuma babu wanda ya taɓa ganin aibun abin, har shi kansa.

Abdulaziz yana da shagon sayar da wayoyi da gyaransu a bakin titi a Bodinga. Shi ya kawo mata 'yar ƙaramar waya mai madannai da tocila, don ƙanensa Jamilu da ke bin motocin albasa zuwa Kudu ya riƙa samunta. Kulu ta yi murna, ta sa aka yi masa godiya. Ta ajiye wayar inda matan ƙauye ke ajiye abin da ba sa so ya ɓata, wato a ɗaurin zani, a ƙirji, wajen hagu.

Da bazara ta yi tsakiya, wata rana tana wanka, hannunta ya ci karo da wani ƙullutu a nononta na hagu. Bai kai ɗan goro ba, ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi, amma yana nan da tauri. Ta shafa man shanu, ta shafa toka da kanwa, ta sha jiƙo, ƙullutu bai san tana yi ba. Kulu ba yarinya ba ce. Ta ga yadda irin wannan abu ya ci wata ƙanwar mahaifiyarta, kuma ta san maganar asibiti ce, asibitin ma na Birnin Sakkwato. Mijinta ya rasu, Jamilu yana can wata uwa duniya. Mutum ɗaya ne zai iya kai ta, shi ne wanda ba ta iya kallon idonsa. To ina ita ina buɗe baki ta ambata masa nono? Gara ƙasa ta tsage ta shige.

Akwai Zulai, maƙwabciyarta kuma aminiyarta, mai kai daddawa kasuwar Bodinga. Sai dai cikin Zulai ba ya riƙe magana. In ta ji abu da hantsi, kafin azahar an ji shi har Kajiji. Kulu ta hango mata suna tururuwa gidanta suna salati suna kallon ƙirjinta, ta ji ba za ta iya ba.

Ana nan sai wata murya ta fara yawo a wayoyin mutane. Wani mutum ne da babu wanda ya san shi, yana rantse-rantse cewa duk macen da ke ajiye waya a ƙirji tana kiran ciwon daji da hannunta. Kulu ta ji muryar a gidan suna, a babbar wayar wata amarya. Daga baya sai ta ga kamar Allah ne ya buɗe mata ƙofa. Ko maganar mutumin gaskiya ce ko ƙarya, ga hanyar da za ta faɗi abin da ke damunta ba tare da ta faɗa ba.

Ranar kasuwa ta kira Zulai, ta naɗe wayar a ƙyalle ta miƙa mata.

"In kin tahi, ki biya wurin na Bodinga ki ba shi abinshi," in ji Kulu. "Ki ce mai an ce tana sa ciwo inda duk anka aje ta. Ki ce mai ni ko ga ƙirji nika aje ta, nan ga hagu. Hakanan za ki hwaɗa mai, kak ki rage komi."

Zulai ba ta rage komai ba, ƙari ma ta yi. A gaban samarin da ke cajin waya da masu jiran gyara ta kwance ƙyalle, ta zayyana saƙon da ƙarfi, har da dafa nata ƙirjin.

Gaskiya dai Abdulaziz ya san aikinsa, ba zan rage masa ba. Ya yi karatun lantarki a kwaleji, kuma ba ya sayar da waya sai ya karanta 'yar takardar da ke cikin kwalinta. Aibunsa ɗaya ne, in ya san abu sai kowa ya san ya sani. Ga shi kuma muryar nan ta riga ta kai shi bango. Mata sun rage sayen waya, wani ɗan damfara kuma ya kafa tebur a tsallaken titi yana sayar da 'yar sitika da ake mannawa a bayan waya, wai tana tsotse guba. Kullum Abdulaziz sai ya yi musu har muryarsa ta dushe. Yau kuma ga ƙaryar ta shiga har ɗakin uwarsa, ta dawo masa da kyautarsa a ƙyalle a gaban jama'a. Samari suka kwashe da dariya, shi kuwa kunnuwansa suka yi zafi.

"Har Inna?" ya ce. "To ki ce mata ina nan tahe ran Jumma'a. Ni da kaina za ni kawo mata ita."

Da Kulu ta ji zai zo, ranta ya yi sanyi. Ta ɗauka ya gane. Ta wanke zannuwanta biyu masu kyau ta ninke, ta ɗaure 'yan kayanta a ɗankwali ta tura ƙarƙashin gado, don kada a ce a tafi ta tsaya neman abu.

Ya iso bayan an sauko daga masallaci, a kan babur, da kwalin waya a hannu. Zulai ta riga ta baza labari, don haka mata kusan rabin unguwa suna tsakar gidan, wai sun zo jin hukunci. Kulu na zaune a bakin ƙofar ɗakinta, ta ja mayafi, ta ba shi gefe. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa wa turmi. Daga nan ya miƙe, ya gyara tsayuwa kamar mai wa'azin kasuwa.

Ya yi musu bayani, kuma bayanin mai kyau ne. Ya ce waya tana magana da ƙarfen sabis ne ta iska, kamar yadda rediyo ke kama tasha. Ya ce abin da take fitarwa yana da ma'auni, kuma akwai iyakar da masana suka yanka, wadda ba a yarda waya ta wuce ba kafin a sake ta kasuwa. Ya zaro takardar kwalin ya nuna musu lambar, duk da ba mai iya karanta ta a cikinsu. Ya ce ga iyakar, ga kuma abin da wannan 'yar wayar ke fitarwa, ko kusa ba ta kai ba. Ya ce an ma bar rata mai yawa tsakanin iyakar da inda cutarwa ke farawa.

"Ranar ga da kuka shanya hatsi cikinta," ya ce yana nuna sama, "ta hi wagga waya dahwa jikinku sau nawa. Wa yat taɓa maida rana ga mai ita?"

Mata suka yi shewa. Ya ɗauki wayar ya cusa a aljihun gaban rigarsa, ya bubbuga. Ya ce tasa ma nan take kwana nan take tashi, kuma ga shi garau.

Kulu ta saurara har ya gama. Sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa, tana fuskantar Zulai.

"Tambaye shi, in mutum ya ji wurin ya yi tauri hwa?"

Zulai ta maimaita, ko da yake ya ji.

"Wa yaj ji?" in ji Abdulaziz.

Kulu ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Ga mata sun zuba mata ido, ga ɗanta tsaye a kanta.

"Wata ta," ta ce.

"To a ce ma watan ta tahi asibiti a duba ta, ta bar ɗora ma waya laihi. Kullum wata, kullum wani, ba a taɓa ganin mai ciwon da ido ba."

Aka sake yin dariya. Kulu ma ta yi tata a cikin mayafi, don kada a ga ita kaɗai ba ta yi ba. Ya ajiye mata wayar a kan tabarma tare da ledar lemo da sabulu, ya yi sallama. Ya hau babur yana jin daɗi, a ransa yau ya kashe ƙarya a Horo Birni. Da mata suka watse, Kulu ta jawo ƙunshin kayanta daga ƙarƙashin gado ta kwance, ta mayar da zannuwan cikin kwalla.

Shi fa bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba, abin haushin ke nan. Har shawarar da ya bayar daidai ce. Amma an aiko masa da kuka, shi kuwa ya tsaya gyara wa mai kukan karatu.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman farko. Kulu ta daina ɗaukar tulu a kafaɗar hagu, ta ce sanyi ne. Ta daina daka, ta ce tsufa ne. Ƙullutun ya girma, fatar wurin ta fara tattarewa, wani kuma ya fito a hammata. In Jamilu ya kira daga Kudu sai ta ce lafiya lau, ta tambaye shi kasuwar albasa. Abdulaziz ya kan aiko da cefane ta hannun Zulai, wani lokaci har da tsokana, wai a tambayi Inna ko wayar ta cije ta.

Duk wannan lokaci matarsa Bahijja ba ta nan. Ta tafi gidan iyayenta a Dingyadi haihuwa da wankan jego, kuma da yake haihuwar ta zo da wahala, sai aka riƙe ta har ta yi ƙwari. Ta dawo da ɗa namiji gero ya fara fitar da kai. Washegari da rana suna zaune a inuwa, yana cin tuwo tana ba jariri nono, ya ce bari ya ba ta labarin da ta rasa. Ya kwaikwayi Zulai tana dafa ƙirji a shago. Ya kwaikwayi kansa yana nuna rana. Ya kwaikwayi Inna tana magana da turmi.

Bahijja ta yi dariya da farko. Da ya zo kan "wata ta", sai dariyar ta tsaya.

"Malam, tsaya. Mi tac ce a hwaɗa maka tun hwarko?"

"Wai waya na sa ciwo inda anka aje ta."

"Sai mi?"

"Wai ita ga ƙirji taka aje ta. Ga hagu."

"Ita tac ce ga hagu?"

"I mana. Zulai har gwada min ta yi."

Bahijja ta gyara wa jariri kwanciya, ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta cika yi ba.

"Mai tsoron jita-jita ba ya hwaɗin hagu ko dama, Malam. Kuma Inna da ba ta iya hwaɗin sunanka, kana zaton banza ta aiko maka da zancen ƙirjinta cikin kasuwa? Wace wata kaka nema bayan ita?"

Lomar da ke hannunsa ba ta kai baki ba. Ya buɗe baki zai kawo hujja, don ya saba, sai ya ga babu. Abin ya dawo masa ɗaya bayan ɗaya, yadda take murza mayafi, yadda ta daɗe kafin ta amsa, da dariyar matan, wadda shi ya jawo ta. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Ya tsame hannu daga kwanon, ya ma manta bai wanke ba ya shiga neman makullin babur.

Bahijja ta ce babur ba zai yi ba, ya nemo mota, kuma da ita za a je. Ta ce in ya shiga shi kaɗai, Inna za ta ce lafiyarta lau, shi ke nan an koma gidan jiya.

Hanyar Horo Birni ta ci ruwa, motar da ya ɗauko ta yi ta tangal-tangal a laka. A ƙofar gida ya tsaya a zaure kamar baƙo, Bahijja ta shiga da goyo.

Ita ma fa suruka ce, tana da tata kunyar. Ba ta da bakin da za ta ce wa uwar mijinta buɗe in gani. Sai ta durƙusa ta gaishe ta, ta kwance goyo ta miƙa.

"Inna, ga maigidanki na kawo miki. Ya ce ba ya kwana sai ya ga amaryarshi."

Fuskar Kulu ta washe. Ta rame, idanunta sun faɗa, amma ta miƙo hannu tana yi wa jaririn tsiya, wai wane irin miji ne wannan da ya zo hannu rabbana, ko goro babu. Ta rungume shi. Yaron ya yi abin da jarirai ke yi, ya tura kai ƙirjinta na hagu yana nema. Kulu ta ja numfashi da ƙarfi, ta runtse ido, ta yi sauri ta mayar da shi dama. Zufa ta keto mata a goshi.

Bahijja ta tashi ta saki labulen ƙofa. Abdulaziz yana zaure bai ji abin da aka ce ba. Can dai sai ya ji salatin matarsa. Da ta fito idanunta sun yi ja, ta ce masa kawai ya ce direba ya matso da mota bakin ƙofa.

Kulu ta fito da mayafi har goshi. Ba ta dube shi ba, shi ma bai iya dubanta ba. Ta shiga baya ita da Bahijja, ya zauna gaba. Zulai ta leƙo tana tambayar ina zuwa haka babu sallama, Bahijja ta ce Inna za ta je ganin ɗakin jikanta ne. Suka bi ta Shagari suka hau kwalta, suka wuce Bodinga ba su tsaya ba. Da suka zo daidai shagonsa ya kawar da kai.

A babban asibiti a Sakkwato an yi ta aika su daga wannan layi zuwa wancan, aka ɗauki hoto, aka ɗebi abin da za a auna, aka ce su dawo. Suka sauka gidan wani abokinsa, suka yi ta zarya. Ranar da sakamako ya fito, likitar, wata mace mai gilashi da ba ta da wasa, ta ce a shigo da wanda ke da alhakin mara lafiya. Abdulaziz ya shiga ya tsaya a bakin ƙofa. Kulu na zaune a kan kujera, ta juya fuska bango.

Likita ta ce ciwon daji ne. Ta ce za a yi aiki, za a cire nonon, sannan a bi da magani mai wahala, domin abin ya riga ya taɓa hammata. Ta ce akwai fata, ba a yanke ƙauna ba, amma da tun yana ƙarami aka zo da aikin bai kai haka ba.

Kulu ta yi magana a hankali, tana fuskantar Bahijja. "Tambaye ta, wayar ta?"

"A'a, Inna," in ji likita. "Ba waya ba ce. Wannan ciwo ya girmi waya." Ta duba takardunta. "Tun yaushe kika fara jin shi?"

"Tun bazara. Ruwa bai sauka ba."

Likita ta cire gilashi ta juyo wajen Abdulaziz. Ta dube shi sama da ƙasa, da agogonsa da wayoyi biyu a hannu.

"Kai ne ɗanta? Da ganinka ka yi makaranta. Tun bazara mahaifiyarka na ɗauke da wannan abu, kana ina?"

Abdulaziz, wanda bai taɓa rasa amsa ba a Bodinga, ya tsaya baki a buɗe. Ya so ya ce ta faɗa mini, har sau biyu, ni ne na sa aka yi mata dariya. Bahijja ta sunkuyar da kai.

Kulu ce ta amsa. Ba ta juyo ba, bango take kallo, amma muryarta ta fito sarai.

"Likita, kak ki ga laihinshi. Bai sani ba. Ni ce ban hwaɗa mai ba."

Likita ta girgiza kai, ta ce haka iyayenmu suke, sai su yi ta ɓoye ciwo har ya ci ƙarfinsu. Ta sassauta murya, har ta ba shi haƙuri a kan faɗan da ta yi masa. Ta tura masa takardar amincewa da aiki, ta nuna inda zai sa hannu.

Ya karɓi biro. Hawayensa na ɗiga a kan takardar, har likita ta janye ta kada ta jiƙe. Kulu ta ji shesshekarsa. Ta ɗan karkato wajen Bahijja.

"Ce mai ya bari hakanan," ta ce. "Mutane na kallo."